Dutse a Gindin Guga

Ga ta nan, ga ta nanku, ta zo da zane a jiƙe.

Ta zo mu ji ta, ma shanya mata.

Wata tsohuwa aka yi wadda ta ƙare ƙuruciyarta da girmanta can cikin tudu, inda sai an haƙa an haƙa, an gaji an huta an sake haƙawa, kafin a ga idon ruwa. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata kuma kowace tana ɗakinta, sai ɗanta namiji ya je ɗauko ta. Shi bakanike ne, injinan jiragen kamun kifi yake gyarawa a wani gari na bakin teku. Ba da son ranta ta biyo shi ba. Tun a cikin mota ta kafa masa sharaɗi.

"Ka buɗe kunne ka ji ni. Ni ba kaza ba ce da za a riƙa watso mini tsaba. Ka ce akwai fili a bayan gidanka. Zan yi lambu. In ya kama, na zauna. In bai kama ba, ka mai da ni inda ka ɗauko ni."

"Haba Inna, wa za ki tarar a can? Gidan ma na sa masa kwaɗo."

"Ƙadangaru zan tarar. Su dai ba za su ce suna ciyar da ni ba."

Ya yi dariya, amma ta ciki na ciki. Ya san uwarsa. In ta furta magana, ko a kan garwashi aka shimfiɗa ta sai ta taka.

Gidan ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da falo, sai wata rumfar kwano a gaba inda matarsa ke ajiye keken ɗinki, don ita tela ce. Katanga guda ce ta raba su da gidan uwar matar. Wannan kuwa kowa a unguwa Mai Kifi yake ce mata. Takan sayi kifi wajen masunta, ta feɗe, ta jiƙa cikin ruwan gishiri, ta shanya a kan raga. Buhunan gishiri a rumfarta jibge suke har rufi. Mace ce mai murya, in tana gaisuwa sai ka ce faɗa take yi. Ita da baƙuwar tun ranar auren 'ya'yansu ba su sake wa juna suna ba, wannan ta ce "uwar ango", wannan ta ce "uwar amarya". Mutanen unguwa kuwa da suka ji inda tsohuwar ta fito, sai suka sa mata Ta-Tudu, sunan ya bi ta.

Rijiyar gidajen biyu ɗaya ce. A tsakiyar katangar aka haƙa ta, rabin bakinta a nan, rabi a can, kowa ya ja daga ɓangarensa. In ka sunkuya kana iya hango hannun na wancan gefen ta ƙarƙashin ginin.

Ranar da Ta-Tudu ta fara leƙa ta sai da ta riƙe baki. Ruwa ga shi nan kusa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Gugan da ta gani a rataye kuwa wata yankakkiyar jarka ce mara nauyi, igiyarta ba ta kai ta ɗaure akuya ba. Tana cikin jujjuya shi sai murya ta taso daga wancan gefen.

"Uwar ango, an fito? To ki sani, rijiyar nan shafa ta ake yi."

Ta-Tudu ta yi tsam. A ranta ta ce, oho, tun ban ja ba an fara yi mini rowa, wato in ɗan lakata in bar musu. A fili kuwa ta ce, "To uwar amarya, zan shafa ta har ta yi barci."

Suka yi dariya su biyu, kowace ta koma aikinta.

A garin su Ta-Tudu ruwan sama-sama na ganye ne da ƙura da matattun ƙwari. Macen da ta san hannunta nitsar da guga take yi, ta ɗebo mai sanyi na can ƙasa. Tun tana yarinya uwarta ta taɓa make mata ƙeya a kan ta ɗebo na sama. Saboda haka washegari ta sayo doguwar igiya, ta samo dutse mai kamar dunƙulen hannu, ta naɗe shi cikin wani jan tsumma don ɗauri ya kama, ta ɗaure a gindin gugan da ta zo da shi. In ta saka shi sai ya yi tsundum, ya wuce ƙasa kamar an kira shi.

Ta kafta fili, ta ja kunya-kunya, ta shuka albasa da barkono da tumatir da alayyaho. Safe da yamma tana ban ruwa, guga bayan guga, ba ta yi musu ƙwauro. Ɗan yakan fita aiki tun da sassafe, sai ya dawo ya leƙa ya ce, "Inna, sannu da ƙoƙari." Tela kuwa takan ja ruwan girki da nata guntun gugan da wuri, ta koma kan kekenta. Kunyar suruka ba ta barin ta zuwa bayan gida in Inna tana can.

Shuka ta tsiro, ta yi kore, Ta-Tudu har ta fara waƙa ƙasa-ƙasa. Sai kuma abu ya juya. Albasa ce ta fara kwantawa. Ganyen barkono ya ƙone daga baki-baki, kamar an bi shi da ashana. Ta ƙara ruwa, abin ya ƙaru. Wata rana da hantsi, ƙasa ta bushe, ta ga wani fari-fari a kan kunyoyin. Ta lakata da yatsa ta kai bakinta.

Gishiri.

Ta je ta jawo guga, ta kurɓa, ta tofar. Ita ba ta taɓa shan wannan ruwan ba, na randa take sha, wanda Tela ke cikawa. Ta shiga ciki ta ɗebi na randa. Garɗi, ba gishiri ko kaɗan. Rijiya ɗaya, ruwa biyu.

Ta dawo ta tsaya, hannu a ƙugu, ta ɗaga kai. Ta saman katanga ana hango bakin buhunan gishirin Mai Kifi.

"Ruwa dai ba ya tsami banza," in ji ta.

Daga ranar ta daina waƙa, ta koma sa ido. Shi kuwa mai sa ido ba ya rasa abin gani. Ta lura bangon rijiyar yakan nuna jiƙa sama da inda ruwan yake, kusan kamu guda. Wato ruwan yana raguwa. Can kuma sai ta dawo ta tarar ya cika. Ta ce to, bayan zuba gishiri har da sata. Ta ɗauko kujera 'yar tsugunno da tsintar wake a faranti, ta zauna a bakin rijiya tun hantsi. Ba guga ya sauka daga wancan gefen, ba motsi, sai muryar Mai Kifi can nesa tana ciniki. Da ta leƙa, ruwan ya yi ƙasa.

Ɓarawon da ba ya bukatar guga, ai ba ƙaramin ɓarawo ba ne.

Washegari ta sake zama daidai wannan lokacin. Ruwan bai motsa ba sai da rana ta ƙara ɗagawa. A rana ta uku kuma ya ƙara jinkiri. Kullum sai ya ɗan matsa gaba, har satar safe ta koma ta azahar.

"Kun ga makirci," ta ce wa tumatir ɗinta. "Ta san ina gadi, shi ne take sauya lokaci."

Ta bi gindin katanga tana dubawa, sai ga wani koren tiyo ya fito daga gidan Mai Kifi ta wata kafa, ya bi ƙasa ya shige ƙarƙashin tarin akwatunan kifi. Inda ya nufa ba ta gani ba. Ba ta ma bukaci gani ba, zuciyarta ta ƙarasa mata sauran.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Tela. Yarinyar nan da ke durƙusa mata har ƙasa, yanzu sai ta same ta a jikin katanga suna ƙus-ƙus da uwarta, da sun ji takunta sai a yi tsit. Rannan Ta-Tudu ta ga randa ta yi ƙasa, ta ce bari ta taimaka, ta ɗebo guga guda ta ajiye a bakin ƙofar kicin. Tana juya baya ta ji shaaa. Ta waiga, Tela ta tuntsurar da shi a kwata, har tana wanke hannu da sabulu.

"'Yar nan, ruwan ne ya yi miki laifi?"

Tela ta sunkuyar da kai. "A'a Inna. Wani abu na gani a ciki."

"Me kika gani?"

"Ƙwaro ne, Inna."

Ƙwaro. A ruwan da aka ɗebo daga can ƙasa. Ta-Tudu ta gyaɗa kai kawai ta wuce.

Da yamma ɗan ya dawo, hannu duk baƙin mai, yana wankewa da garin sabulu a tsakar gida. Ta matso kusa da shi, ta rage murya.

"Kai, ruwan rijiyar nan raguwa yake yi da rana tsaka ba mai ja."

"E, Inna, teku ne. In ya janye sai ita ma ta yi ƙasa."

"Wane tekun?"

"Teku dai. Wanda muke aiki a bakinsa."

"Wanda ke can bayan kasuwa? Da ƙafa yake zuwa, ko a mota? Ta wace ƙofa yake shigowa ban gan shi ba?"

"Ta ƙarƙashin ƙasa, Inna. Haka yake tun da..."

"Ta ƙarƙashin ƙasa. Cikin koren tiyo ko?"

Ya dube ta bai gane ba. Wayarsa ta yi ƙara, wani masunci injinsa ya ƙi tashi, ya ɗauka yana ta bayani har ya fice ƙofar gida. Ta bi shi da kallo. Ɗan da ta goya, ta yi wa tsarki, yau shi ke rufa wa surukarsa asiri da zancen da ko yaron goye ba zai yarda ba. Lallai an gama da shi.

Barkono ya mutu. Tumatir ya tsaya cak, ba girma ba fure. Ta-Tudu ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe ƙura. Tafiya dai ta zo, ta sani. Amma ta rantse ba za ta bar garin nan a matsayin wadda ba ta iya lambu ba. Sai ta cire wa kura fatar akuya tukuna.

Ta bari sai ranar da ɗan ke gida. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma a bayan gida kusa da rijiya, ta leƙa ta kafar katanga.

"Uwar amarya! Zagayo mana mu gaisa. Kullum sai ta rami kamar ɓeraye?"

Mai Kifi ta zagayo, tana goge hannu a zane. Ta zauna a can bakin tabarma, ba kamar yadda ta saba baje wa ba. Aka gaisa, aka tambayi kasuwa, aka tambayi ƙafa. Sai Ta-Tudu ta ɗauko kofin gilashi, wanda ake ajiye wa baƙi, cike da ruwan da ta jawo da hannunta, ta ajiye a gabanta. Dabararta ita ce, wanda ya san abin da ya zuba ba zai sha ba.

"Bisimilla. Rana ta yi zafi."

Mai Kifi ta dubi kofin, ta dubi mai kofin. "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ruwa ake ƙoshi da shi?"

"Yanzu na sha a gida."

"Ko kurɓa ɗaya. Ba a mai da hannun suruka."

"Ke kika ɗebo?"

"Da hannuna."

"To fara sha, uwar ango. Babba ai shi ke buɗe hanya."

Ta-Tudu ta tafa hannu. "Ayyo! Kin ƙi ko? Ai na san za ki ƙi. Mai zuba gishiri ya san ɗanɗanon aikinsa."

"Mai zuba me?"

"Gishirin da kike zubawa a gefen da nake ja! Kin kashe mini albasa, kin kashe mini barkono, kina zuƙe ruwa da tiyo, duk don in tattara in bar wa 'yarki gida ta miƙe ƙafa. To zan tafi. Amma sai na faɗa."

Mai Kifi ta miƙe tsaye, muryar nan ta fito gaba ɗayanta, har kajin maƙwabta suka watse. "La'ilaha illallahu! Ni? Gishirin da nake saye da tsada zan zuba a rijiyar da nake sha? Ashe mai kaza a aljihu ba ya jimirin as! Ke da kika zo mana da ƙulli?"

"Wane ƙulli?"

"Jan ƙullin da kike sakawa safe da yamma! Da idona na gani ta ƙarƙashin katanga. Tun kakata ake shan rijiyar nan, ba ta taɓa sauya baki ba sai da kika zo. Yanzu ko shayi na dafa sai in ji shi wani iri. Na yi shiru ne don kunyar yaron nan. Na dai ce wa 'yata kada ta kuskura ta sha abin da kika ɗebo, ga ta da juna biyu."

Ɗan ya fito da gudu ba riga. Tela tana bayansa, tana kuka, tana cewa, "Umma ki bari, Inna ki yi haƙuri." Ba wadda ta ji ta. Ta-Tudu kuwa ko zancen juna biyun bai shiga kunnenta ba a lokacin. Kalmar ƙulli ce ta tsaya mata a wuya. Ita da ko layar wuya ba ta taɓa ratayawa ba.

Ta figi igiya ta jawo guganta, ta dire shi a tsakiyar tabarma, ruwa ya fallatsa wa kowa. Ta sa haƙori ta kwance jan tsumman. Dutse ya faɗo, ya gangara ya tsaya a ƙafar Mai Kifi.

"Ga ƙullin. Ɗauki ki kai wa malaminki ya karanta."

Mai Kifi ta sunkuya ta ɗauka. Ta juya shi, ta shinshina. Sannan ta dubi igiyar da ke kwance a ƙasa, ta bi ta da ido, naɗi bayan naɗi. Muryarta ta sauka.

"Uwar ango. Wannan duk igiyar guga ce?"

"Da ta shanya ce?"

"Dutsen na mene ne?"

"Na nitsarwa mana. Wa ke shan ruwan sama in ba ƙazama ba?"

"Har ƙasa kike kai shi?"

"Har sai na ji ya taɓa."

Mai Kifi ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar tabarma, ta ɗora hannu biyu a ka. Ɗan ma ya ce, "Wayyo Inna."

"Ba na ce miki shafa ta ake yi ba? Tun ranar farko?" in ji Mai Kifi.

"Kin ce. Na ɗauka rowa ce."

"Rowa! Shafa, uwar ango, shafa! A kwantar da guga a kan fuskar ruwa, a ɗebi na sama a hankali, a bar ta ta huta. Mai daɗin a sama yake, ɗan kaɗan ne, ruwan sama ne da ƙasa ta tace. Na ƙarƙashinsa na teku ne. Kin yi ta kwasar na teku kina ba shuka, kina kuma dama mana sauran."

"Yo da kika ga baƙuwa ce ni, bakinki ciwo yake yi da ba za ki fassara ba?"

"Wa ke fassara shafa? Ko yaron da aka yaye jiya ya sani."

Ta-Tudu ta murguɗa baki. "Ruwa a kan ruwa, wai bai gauraya ba. Man gyaɗa ne shi? Ku dai kun haɗa baki."

Mai Kifi ta ce wa 'yarta, "Ke, share hawaye ki kawo mini ƙwai."

"A'a," in ji Ta-Tudu. "Ni zan zaɓo."

Ta shiga kicin da kanta, ta tsallake na sama ta zaƙulo na can ƙasan kwando. Mai Kifi ta zagaya gida ta dawo da kwano biyu, ɗaya da ruwan randa, ɗaya da ruwan da take jiƙa kifi. Ta ce da haka take gane gishirinta ya ji. Aka saka ƙwan a na randa, ya nitse ya kwanta. Aka ciro shi aka saka a na gishiri, ya taso yana lilo, ƙeyarsa a waje.

"Kin gani? Mai gishiri ƙarfi gare shi, nauyi gare shi. Shi ke kwanciya a ƙasa, ya goya mara gishiri a bayansa. In ba a dame su ba, haka za su zauna."

Ta-Tudu ta sa yatsa ta danna ƙwan. Ya nitse, ya dawo. Ta sake dannawa, ya sake dawowa. Ta musanya kwanonin, ta gwada da kanta. Sannan ta ture kwanonin gefe.

"To na ji wannan. Wa ke kwashe ruwan da rana?"

Ɗan ya buɗe baki, Mai Kifi ta ɗaga masa hannu. Ta leƙa rijiya, ta dubi rana. "Ɗauko mayafinki."

Tun zuwanta garin Ta-Tudu ba ta taɓa zuwa bakin teku ba. Ƙugin da take ji daga nesa ya ishe ta. Suka ratsa kasuwa, Mai Kifi a gaba, ita a baya tana lura da hanya ko da za a yi mata wani abu. Da suka ɓullo ta bayan rumfunan masunta sai ta ja ta tsaya. Jirage ga su nan birjik a kan yashi, sun karkata kamar shanu a kwance. Igiyoyinsu a yashe. Laka da tsakuwa sun miƙe har can nesa, mata na tsintar wani abu a ciki. Ruwan kuwa yana can, ɗan siriri yana ƙyalli.

"Ina ruwan da jiragen nan suka biyo?"

"Ni na zuƙe shi," in ji Mai Kifi. "Da koren tiyona."

Wani tsoho da ke ɗinkin komar kamun kifi a gefe ya tuntsire da dariya, bai ma san kan zancen ba. Ta-Tudu ta harare shi.

"Tiyon nan kwata yake zuwa, uwar ango. Ruwan wankin kifi yake fitarwa. Zauna."

Suka zauna a kan wani kifaffen jirgi. Mai Kifi ta ce haka yake yi, sau biyu a yini da kwana, ya tafi ya dawo, kuma kullum sai ya ɗan makara a kan jiya. In wata ya cika ko ya ɓace, tafiyar ta fi nisa, dawowar ta fi ƙarfi. Masunta sun ce wata ne ke jan sa. In ya taso sai ya turo na ƙarƙashin gari, rijiyoyi su ɗago. In ya koma su sauka.

"Wata," in ji Ta-Tudu. "Da wace igiyar?"

"Wannan kuma sai ki tambaye shi."

Ta ƙi tashi. Ta ce ba inda za ta sai ta ga dawowar da idonta. Ta tsinci wani kara ta kafa a yashi, ta zauna gadinsa. Mai Kifi ta tafi ta yi cinikinta ta dawo, ta same ta a nan. Ruwan ya riƙa matsowa, ya lasa ya koma, ya lasa ya koma, kowace lasa ta wuce ta baya. Ya cinye laka, ya kori mata masu tsinta, ya taɓa karan, ya kwantar da shi. Jiragen nan suka fara motsi ɗaya bayan ɗaya, suka miƙe suna rangaji. Sai da ya jiƙa mata silifa sannan ta ja da baya.

Suka koma gida. Ta wuce kai tsaye bakin rijiya ta leƙa. Ruwan ya ɗago.

Ta shiga ɗaki ta fara ninke kaya. Ɗan ya tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, ai yanzu an gane. Ba laifin kowa ba ne."

"Laifina ne. Na zargi baiwar Allah, na kashe shukata da hannuna. Lambu bai kama ba. Abin da na ce shi ne."

"Sai a sake shukawa."

"A ina? Ƙasar ta sha gishiri. Ko ƙaya ba za ta fito ba sai damina ta wanke ta. In zauna ina cin naku har damina? Nemo mota."

Tela ta durƙusa tana roƙo, ba ta ko dube ta ba, don in ta duba za ta karaya. Sai ga Mai Kifi ta shigo ba sallama, da jarka biyu babu komai ciki, ta jefar a gaban jakar.

"Ina za ki?"

"Gida."

"Ki ɓata mana rijiya ki gudu? Ashe haka ake yi a tudu? Rijiyar nan sai an rufe ta ta kwanta, ba mai taɓa ta sai ruwan sama ya sauka. Kafin nan daga famfon bakin titi za a riƙa ɗebowa, gida biyu. Ni ina da kifi. Wannan yana da injina. Wannan kuwa ba ta ɗaukar nauyi yanzu, ko ba ki ji abin da na ce ɗazu ba?"

Ta-Tudu ta tsaya da zane a hannu. Sai yanzu maganar ta iso. Ta dubi Tela, Tela ta rufe fuska da gyale.

"Wa zai ɗebo?" in ji Mai Kifi. "Farin wata?"

Ta-Tudu ta dube ta sama da ƙasa, tana neman inda tarkon yake. "Dabara ce wannan, don in zauna."

"Dabara ce mana. Amma jarkar da gaske ba ruwa a ciki."

Tsohuwa ta ajiye zanen. Ta ɗauki jarka ɗaya, ta buɗe, ta shinshina, ta ce tana ƙarnin kifi, a ba ta sabulu.

Haka Ta-Tudu ta zauna. Ita ta riƙa turo ruwan gida biyu a baro daga famfo har damina ta sauka, ba ta yarda kowa ya kama mata ba. Filin bayan gida bai yi komai ba a wannan shekarar, sai a ta biyu ya ba da alayyaho da tumatir, albasa kuwa ba ta taɓa yi a wurin ba. Rijiya ta dawo da daɗinta bayan ruwa ya zauna. Tela ta haifi 'ya mace, ta ci gaba da ɗinkinta. Bakanike yana nan bakin teku da injinansa. Mai Kifi ta ba da labarin a kasuwa fiye da yadda ya faru, suka yi gaba ta 'yan kwanaki a kan haka, suka shirya. Ta-Tudu ta rayu a gidan har ƙarshen kwananta, kuma ba ta taɓa yarda ta shiga jirgin ruwa ba.